Sai Na Samu Sarari

'Yan uwana mata, uwayen gida da amare, da ku 'yan mata masu jiran naku lokacin. Ina gajiya? Ya gida, ya yara, ya aiki? Na san amsar tun kafin ki buɗe baki, domin ita muke ba juna safe da yamma: "Aiki da godiya." To yau a kan wannan aikin nake so mu ɗan tattauna, in har za ki iya samun wuri ki zauna. Na faɗi haka ne don na tabbata akwai wadda take karanta wannan ɗan littafi a tsaye, hannu ɗaya riƙe da shi, ɗayan riƙe da ludayin miya, kunne kuma yana wajen mai kukan da ke ɗaka.

Ba gori nake miki ba 'yar uwa, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Goggona, yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni a Bichi har ta aurar da ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yarta, ni ce ɗanta. Mace ce da ban taɓa ganin rana ta fito ta same ta a kan shimfiɗa ba. Kafin assalatu ta hura wuta, kafin hantsi ta soya gyaɗa ta aika niƙa, da azahar tana matsar mai, da la'asar ƙuli-ƙuli ya fita talla. In ta ɗaga ido ta gan ni zaune na naɗe hannu sai ta ce, "Ke 'yar nan, tabarmar ce ta kama ki? Mace ba ta zama. Raguwa ko ta auru ba ta daɗewa."

Da wannan karatun na shigo ɗakin miji a birnin Kano, kuma ba zan yi butulci ba, ya yi mini rana. Dangin miji suka yi ta sa albarka, wance akwai kazar-kazar, wance ba ta da son jiki. Na kama sana'ar kayan gara, dubulan da alkaki da cincin da nakiya, har ta kai daga wasu unguwanni ake zuwa a ba ni aiki. Na zama uwar adashi. In ana biki a dangi ko a layinmu ni ake damƙa wa makullin ɗakin abinci, ni ce rabon shinkafa, ni ce lissafin gudummawa, ni ce rakiyar amarya, ni ce kuma ta ƙarshen komawa gida. Sai wata magana ta zauna mini a baki kamar goro. Yaushe za ki leƙo mu gaisa? Sai na samu sarari. Umma ki duba mini aikin makaranta. Sai na samu sarari. Wannan ciwon kan naki ya yi yawa, kin je an gwada jininki kuwa? Sai na samu sarari.

A farkon shekarar 2020 Goggo ta aiko mini da saƙo ta bakin wani ɗan uwanmu da ya shigo sarin atamfa a Kantin Kwari. Ta ce a gaya mini in zo, tana da magana da ni. Na ce to, a gaishe ta, ina nan tafe. Da daddare na kira wayar yaron gidan aka kai mata, na ce, "Goggo lafiya dai ko?" Ta ce, "Lafiya lau 'yar nan." Na ce, "To faɗa mini mana, ina jin ki." Ta ce, "A'a, ba maganar waya ba ce. Ki dai zo, ko wuni ɗaya ne." Na ce in Allah ya yarda da na sallami aikin da ke gabana za ta gan ni.

To kin san yadda Rajab da Sha'aban suke a garin nan. Kowa so yake ya aurar da tasa kafin azumi, kati kan kati, anko kan anko. Mu masu kayan gara kuwa lokacin ne kakarmu, kasko ba ya sauka daga wuta. Na sallami wancan aiki wani ya shigo. Goggo ta sake aikowa, wannan karon har da ƙullin daddawa da kuka, aka ce ta ce tana nan tana duban hanya. Na karɓi daddawar, na sa a miya, na ce a ce mata bayan wannan bikin. Karo na uku ita da kanta ta sa aka kira ni. Hannuna dumu-dumu da fulawa, mai yana tafasa, ina da dubulan na gidaje biyu da za a zo ɗauka da yamma. Na ce da 'yata, "Ɗauki ki ce mata ina aiki, zan kira ta." Ban kira ba. Ba wai na ƙi ba ne, wallahi mantawa na yi.

Daga tashar Ƙofar Ruwa zuwa Bichi tafiya ce da ba ta cika awa guda ba. Na sha ɓata fiye da haka a shagon tela ina jiran a ƙarasa mini ɗinkin anko.

Ana cikin haka cutar korona ta shigo. A tsakiyar watan Afrilu aka kulle Kano, aka ce kowa ya zauna a gidansa, azumi ya zo ya same mu a kulle. Sararin da nake ta kira ya zo har ya yi mini yawa, amma hanya babu. Muna cikin goman farko aka bugo mini da asuba cewa Goggo ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu tana ɗumamen sahur. Ɓarin damanta ya shanye, harshe ya tafi. Daga baya ma'aikacin lafiyar da ke duba ta ya ce hawan jini ne ta daɗe tana yawo da shi ba ta sani ba, ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a wajen yawancin mutane shi ke riƙe da magana.

Sai bayan ƙaramar Salla na samu na je. Ta gane ni sarai. Ta kama wuyan hannuna da hannunta na hagu ta riƙe gam, bakinta yana motsi, hawaye na bin gefen fuskarta, amma abin da ke fita bai wuce sauti ɗaya ba, shi take ta maimaitawa. Ta rayu shekara ɗaya da wata bakwai a haka. Babu wanda ban tambaya ba a gidan nan, shin Goggo ta taɓa gaya muku maganar da take nemana a kai? Wani ya ce wataƙila zancen gonar mahaifina ne. Wata ta ce ai a kan 'yan kunnenta na zinare ne. Wata tsohuwa ƙawarta ta ce, "Ke dai, ƙila ba wata magana, ganinki kawai take son yi, ta san in ba ta ce da magana ba ba za ki zo ba." Wannan ta fi kowacce yi mini ciwo. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma ba zan sani ba.

Ba don ki tausaya mini na kawo wannan labari ba. Na kawo shi ne don tambayar da ya bar ni da ita, wadda na daɗe ina juyawa. Ni dai ba raguwa ba ce. Ban zauna gulma ba, ban yi barcin rana ba, ban ci haƙƙin mai adashi ko ɗaya ba. Duk abin da na yi a watannin nan abu ne da mutane ke yabawa: neman halak, taimakon dangi, halartar sha'anin jama'a. To ta yaya mace za ta cika kwanakinta da ayyukan kirki tun safe har dare, amma ta wayi gari ta tozarta wadda ta fi kowa haƙƙi a kanta? Ashe yawan hidima da nagarta ba abu ɗaya ba ne?

Akwai wani littafi da nake rubuta gudummawa, wadda na kai da wadda aka kawo mini. Wata rana a cikin kullen nan na ɗauko shi na ƙirga na shekarar 2019. Biki da suna 43 na halarta. Zuwa Bichi sau 2, ɗaya suna ne ya kai ni, ɗaya ta'aziyya, kuma duk ban kwana ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ga shi ƙafata ba ta huta ba duk shekarar, sai dai ba ta taka inda ya fi cancanta ba.

Abin da na fahimta shi ne, cikin al'amuran da ke jiran mace akwai masu baki, akwai marasa baki. Biki yana da baki. Yana zuwa da kati, ga rana ga lokaci an buga. Anko yana da baki, mai rabonsa za ta yi ta sallama har sai kin biya. Mai aikin gara tana da baki, waya goma za ta yi miki kafin azahar. In kuma kika ƙi zuwa, uwar amarya ta rubuta a zuci, ranar naki ta rama, domin biki bashi ne. Tun zamanin iyayenmu haka yake tsakanin mace da ƙawar bikinta, ta kawo miki goma ranar naki, ki mai da ashirin ranar nata, a yi ta ninkawa har abin ya gagari ɗaya. Duk waɗannan in kin saɓa musu za ki ga sakamako a take, a fuska ko a bakin mutane.

Tsohuwa kuwa ba ta buga kati. Ba za ta yi fushi ba, in ma ta yi, da kin durƙusa kin ce Goggo ki yi haƙuri ta ce ba komai 'yar nan, na san hidima ta yi miki yawa. Ita da kanta za ta nemo miki uzurin da ke ba ki tanada ba. Yaron da kika kora ya dawo anjima yana miki dariya. Jikinki ki zalunce shi shekara goma yana ɗauka. Har sallar la'asar ɗin da muke ja zuwa gab da magariba a gidan biki, don kada lalle ko kwalliya su ɓaci, ba ta taɓa kamo zanen kowa ba. Sai ya zamana waɗanda suka fi yi mana uzuri su muka fi danne wa haƙƙi, waɗanda muke tsoron bakinsu su muke wa rawar jiki. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga abin da muke kira zumunci tsoron surutu ne kawai ya ɗaura ɗankwali.

Zamani ma ya ƙara mana. Kafin wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, gayya da ƙafa ake yin ta. A aiko yarinya da goro ko alewa ta ce an haihu a gidan wane, suna ran kaza. Wanda bai isa a tako gidanki ba, ba ki ma san da sha'aninsa ba, balle ya zame miki dole. Yanzu fa? Ga guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku na firamare, ga na sakandare, ga na Islamiyya, ga na dangin uwa, ga na dangin uba, ga na matan layi. Wadda rabonki da ita shekara ashirin za ta aurar da 'yar mijinta, an turo hoton anko da lambar asusu, kuma an ga kin gani. Shi kansa bikin da aka sani da kamu da sa lalle da wuni da kai amarya ya haifi 'ya'ya, ga dina, ga walima, ga ranar kaza ga daren kaza, kowanne da irin shigarsa. Gari kuma ya buɗe. Ki taso daga Rijiyar Lemo zuwa Hotoro a Adaidaita Sahu cikin cunkoso, ki yi Allah ya sanya alheri, ki juyo, wuni ya tafi. Awoyin dai 24 ne kamar na kakanninmu, masu neman rabo a cikinsu ne suka ninka.

A kullen nan na ga abin da ya ba ni mamaki. A layinmu an ɗaura aure da mutanen da ba su cika tabarma biyu ba, aka kai amarya ba kiɗa ba anko. Auren ya ɗauru, yana nan har yanzu da 'ya'ya. An yi suna, aka yanka rago aka raba, jariri ya amsa sunansa. Duk abubuwan nan da nake rantsuwa in ba ni ba za su yiwu ba, sun yiwu ba ni ba kowa.

Sai dai kada in ɗora wa biki da waya laifin duka, domin akwai nawa, kuma shi ya fi wuyar faɗa. Akwai daɗi a cikin a ce ba ki da lokaci. Ki lura da yadda muke furta ta, "Wallahi ni ko lokacin kaina ba ni da shi." A baki kuka ne, a zuci kirari ne. Ma'anarta ana bukatata, ina da muhimmanci, ba kamar wance ba da ke zaune. Har gasar gajiya muke yi. Wannan ta ce tun asuba ban zauna ba, waccan ta ce ke kin ma samu, ni jiya ko runtsawa ban yi ba. Bayan wannan kuma akwai gudu. Mace takan tsiri aiki don kada ta zauna shiru, domin in ta yi shiru tunani zai zo: zaman da ya yi tsami tsakaninta da maigida, maganar kishiya, bashin da ya taru, yaron da ya fara canza abokai. Wanke kwanon da aka riga aka wanke ya fi sauƙi a kan a zauna a fuskanci waɗannan.

Ni a kullen ne asirina ya tonu. Aiki ya tsaya, ba fita, sai ga ni ga 'ya'yana a tsakar gida, na rasa hirar da zan yi da su in ban da tashi ka yi kaza, ke ajiye wancan. Rannan ina yi wa babbar 'yata tsifa, lokacin shekarunta 13, azumi ya kama, na ga ta sha ruwa da rana a ɓoye. Na tsare ta da faɗa, sai ta sunkuyar da kai. Ashe yarinyar nan ta girma wata huɗu da suka wuce. Maƙwabciyarmu ce ta zaunar da ita ta koya mata yadda za ta kula da kanta da yadda ake wanka. Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba?" Ta ce, "Umma na zo sau biyu, kika ce in bari sai kin samu sarari." Allah ya saka wa maƙwabciyar nan da alheri, mutuniyar kirki ce. Amma da ta faɗa hannun wata fa? 'Yar uwa, duk dubulan ɗin da na soya a watannin nan huɗu an cinye shi, waɗansu amaren ma ban ƙara jin labarinsu ba.

Na san wata za ta ce, Hajiya kin samu wuri ne. Ke da kike da zaɓi ke ce za ki yi wannan zance. Gaskiyarta. Matar da ke tashi tsakar dare ta wanke wake don ƙosan da za a ci da shi a biya kuɗin makaranta, wadda mijinta ya rasu ko ya sakar mata ragamar gida ya kama gabansa, ba ni da bakin ce mata ta rage aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na masarufi suka tashi, gidaje da yawa sana'ar matar ce take riƙe da tukunya. Wannan ba ta tara wa kanta hidima ba, tara mata aka yi, kuma masu bin bayani a kanta su ne mazan da ke zaune a majalisa tun la'asar har isha, sun bar mace ɗaya da girki da raino da nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko a cikin masu ƙaramin ƙarfin na sha ganin wadda ta ci bashi ta yi anko, ta rufe sana'arta wuni biyu don bikin da ko sannu ba a ce mata ba a wurin. Wannan kam ba talauci ne ya sa ta ba, idon mutane ne.

Kuma kada ki ɗauka zaman banza nake kira. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, ga gida ga 'ya'ya, ga rubutu cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, ga kuma jajjin da take karantarwa su koma ƙauyuka su karantar da mata, abin da aka sani da 'Yan Taru. Wa zai ce ba ta da aiki? Sai dai nata aikin ya san inda ya dosa, shi ya sa har yau ake cin moriyarsa. Nawa kuwa irin na kazar da ke neman wurin ƙwai ne, nan ta leƙa can ta leƙa, kowa ya kira in amsa. Ba ni nake zaɓar abin da zan yi da wunina ba, wanda ya riga bugo waya shi ke zaɓa mini.

Yanzu in abu ya taso nakan tambayi kaina, shin wannan in ban yi ba akwai mai yi? Alkaki akwai masu yi a kowace unguwa, wasu ma sun fi ni hannu. Rabon shinkafar biki, ko ba ni za a ci a ƙoshi a yi guzuri. Amma 'yata uwa ɗaya gare ta. Mahaifiyata da ta rage mini, in ban je na zauna kusa da ita ba, ba wadda zan aika ta zauna a madadina. Sai kuma in ƙara da cewa, in na bar shi zuwa wata mai zuwa zan same shi yadda na bar shi? Allah ya sanya alheri ana iya yin ta bayan biki da mako guda, a natse ma, har ki sha ruwan gidan. Tsoho da yaro kuwa ba sa tsayawa inda kika ajiye su. Jiki ma haka, don da na je aka gwada ni sai da ma'aikaciyar ta sake ɗaura abin ta kalle ni. Ta ce daga 140 bisa 90 ake fara kiran sa hawan jini, nawa ya wuce nan, kuma shi ba ya sallama kafin ya shigo. Tun ranar nake shan magani, ina tuna gindin murhun Goggo.

Ba zan ruɗe ki in ce abin ya zo da sauƙi ba. Na rage karɓar aikin gara, kuɗin da nake samu ya ragu, akwai watan da na ji a jikina. Na mai da makullin ɗakin abinci, aka ce na fara girman kai. Wata aminiyata ta tun ƙuruciya, don ban yi ankon bikin ƙanwar mijinta ba, na dai kai gudummawata na gaishe su na dawo, shekara guda ba ta taka gidana ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son ta, kuma ba zan ce ba ta da tata hujjar ba, ita ta yi mini a nawa. Ranar bikin 'yata na san akwai kujerun da za su zauna ba kowa, masu ramawa za su rama. Na yarda da wannan. Kuma halin bai sake ni duka ba. Ko a makon jiya Auta ya zo da wani zane da ya yi a makaranta, na ji bakina ya fara "sai na sa…" kafin in kama kaina.

A watannin da Goggo ta yi a kwance nakan je Bichi duk ranar Alhamis in kwana, in dawo Juma'a da yamma. Zuwan farko-farko ban iya zaman ba. Ina shiga zan ajiye mayafi in ɗauki tsintsiya, in share ɗakin, in wanke kayanta, in kankare tukwane, in gyara abin da ba ya bukatar gyara, ita kuma tana bi na da ido daga kan gado. A raina hidima nake mata.

Wata Alhamis bayan na ba ta kunu na goge mata baki, na tattara kwanuka zan fita da su, sai na ji an riƙe gefen zanena. Na juyo. Ta saki zanen, ta daddaɓa katifa da hannun nan nata mai lafiya, nan kusa da ita, sau uku. Na ce, "Goggo bari in wanke waɗannan in dawo." Ta girgiza kai, ta sake daddaɓa wurin. Matar da ta raine ni da mace ba ta zama.

Na ajiye kwanukan a bakin ƙofa na hau gadon. Ta ɗora hannunta a kan gwiwata. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Muna jin akuya tana ta ɓarin kwanukan nan a waje, ba wadda ta motsa a cikinmu har aka kira la'asar.